“Da Sauƙi” a Takardar Inshora

Ni ce na kusa kashe wa mahaifina shari'arsa, kuma da Turancina na yi wannan aika-aika, Turancin da nake taƙama da shi a gaban 'yan aji shida. Gara in faɗi haka tun daga farko, don na daɗe ina ba mutane labarin ina tsallake wurin.

Baba mai ɗinkin hannu ne. A zauren gidanmu na Sabonjida yake zama a kan buzu, yana yi wa manyan riguna da batakari, rigar saƙi ta mutanen nan, aikin wuya da allura da zare. Kakansa ne ya zo daga Kano da fataucin goro, ya ga Tamale ta yi masa, ya kafa gida. Ni ce 'yarsa ta fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Da ina ƙarama “ke” nake, ko “yarinyar nan”. Da na fara koyarwa sai aka yi mini ƙarin girma na zama “Malama”. Tsakanina da shi gaisuwa ce da saƙo: in durƙusa in gaishe shi, ya amsa yana kallon allurarsa, in wuce cikin gida wajen Mma, mahaifiyata. Ba rashin so ba ne, kunyar ɗan fari ce, kuma ni ma na iya tawa.

Wata Talata a ƙarshen damina ya hau babur ɗinsa zai kai wa wani mutum riga a Changli. A wata mararraba wata tirela ɗauke da siminti ta sha kwana, direban ya manta yana jan dogon jiki a bayansa, gindin motar ya share Baba ya maka shi da bakin kwalbati. Ina cikin aji aka kira ni a waya. Har yau ban san wanda ya ƙarasa wa yaran darasin ba.

Bai karye ba, abin da ya ruɗe mu ke nan. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce an auna arziki. Ƙurjewa ce a fuska da gwiwa, sai kafaɗar dama da ta kumbura. Kumburin ya sauka, ƙurjewar ta warke, amma hannun dama ya ƙi tashi. Yana nan rataye a jikinsa, da ɗuminsa, farce na fitowa ana yankewa, amma ko cokali ba ya ɗagawa. Likitoci suka ce jijiyoyin da suka sauko daga wuya ne suka taɓu, a ba su lokaci, wani sa'in sukan farfaɗo.

Mai motar ya turo mutane da goro suka yi jaje, suka ɗauki nauyin asibiti na makon farko, daga nan wayarsu ta daina shiga. Ƙannena maza biyu suna Kumasi, kowa yana fama da nasa iyalin. Saboda haka yawon takardu ya faɗo kaina. Wani abokin aikina ya haɗa ni da lauya, wani ɗan tsamurmurin mutum mai saurin magana. Ya ce motar tana da inshora, kuma doka ta ɗora wa kamfanin inshorar biyan diyya ga duk wanda motar ta raunata. Ya faɗa mini abin da zan kawo: rahoton 'yan sanda, takardun asibiti, hoton babur, hoton hannu. Na yi ta zirga-zirga daga Kasalgu, inda nake aure, zuwa ofisoshi, yau in roƙi shugaban makaranta izini, gobe in yi ƙaryar ciwon kai. Na sayi jakar leda mai zik na zuba komai a ciki. Ko kasuwa zan je tana hammatata, in hadari ya taso ita nake fara rufewa kafin kaina.

Baba bai so ba. Ya ce shi bai taɓa kai ƙarar kowa ba, kuma direban ba da gangan ya yi ba. Na aika masa ta bakin Mma cewa ba direba za a kama ba, kamfani ne, kuma don irin wannan ranar masu motoci suke biyansu. Sauran maganar ban faɗa ba, don kowa ya san ta. Allurar nan ce take ciyar da gidan, kuma allura ta tsaya. Albashina ba ya ganin ƙarshen wata. In diyyar ba ta fito ba, Baba da Mma za su ƙare rayuwarsu suna sauraron abin da 'ya'ya za su aiko, shi da bai taɓa buɗe baki ya ce a ba shi ba. Bayan kwana biyu ya dangwala babban yatsansa na hagu a takardar lauya.

Wajen wata huɗu da hatsarin kamfanin ya turo mutuminsa ya ga Baba da idonsa. Mutumin Kudu ne, mai fara'a, da farar riga da ɗan littafi, ko “zo in kashe ka” bai sani ba da Hausa. Ban gaya wa lauya zai zo ba. A ganina baƙo ne, baƙo kuwa tarbarsa ake yi. Na share zaure da kaina, na kawo zoɓo mai sanyi. Baba ya sa babbar rigarsa mai ruwan ƙasa, wadda ya yi wa aiki da hannunsa, ya ɗora hannun a cinya ya lulluɓe shi, ya zauna tsaf kamar ranar Sallah. Ni kuma na gyara zama a bakin ƙofa na zama tafinta.

Mutumin ya tambaya yaya jikin yake yanzu. Na ce, “Baba, yana tambaya ya jiki.”

“Da sauƙi,” in ji Baba. “Alhamdu lillahi, da sauƙi sosai.”

Na juya na gaya wa mutumin da Turanci mai kyau cewa ya ce ya ji sauƙi ƙwarai, ya gode wa Allah. Ya rubuta. Ya tambaya ko yana jin ciwo. Baba ya ce, “Ba a rasa ba, amma ba komai.” Na ce ya ce ɗan kaɗan ne, ba wani abin damuwa ba. Ya rubuta. Ya tambayi batun aiki. Baba ya ce, “Muna nan muna taɓawa.” Na ce ya ce yana ɗan taɓa aiki. Ya rubuta wannan ma, ya shanye zoɓonsa, ya yaba mini Turanci. Wallahi na ji daɗin yabon. Har bakin titi na raka shi ina murmushi.

Bayan mako shida lauya ya kira ni ofishinsa. Bai ce in zauna ba, ya miƙo mini wasiƙar kamfanin. Sun rubuta cewa mai neman diyya da bakinsa ya tabbatar ya samu sauƙi sosai, ciwon kaɗan ne, kuma ya koma bakin aikinsa. A ƙasa suka ƙara cewa 'yarsa, malamar makaranta, ita ta yi tafinta. Abin da suka ce za su bayar ko babur ɗin ba zai mayar ba.

“Madam, kai ne ka faɗi wannan?” in ji lauya. Hausarsa irin ta garin nan ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa “kai” ne.

Na ce abin da Baba ya faɗa na fassara, ban ƙara ba, ban rage ba.

“To shi ne ka kashe kes. Mutum hannunshi ya mutu, ka ce ya warke?”

“Ban ce ya warke ba. Da sauƙi na ce.”

Ya buga takardar da bayan yatsunsa. “A nan ya zama ya warke.”

Na so in yi masa faɗa, don ni ba a ɗaga mini murya in yi shiru. Amma me zan ce? Na tuna wata gwaggona da muka je dubawa da hantsi, ta ce mana da sauƙi, kafin la'asar aka yi mata sallah. Tun ina goye nake jin kalmar nan, na san sarai ba labarin jiki take bayarwa ba. Na ɗauke ta ɗungurungum na kai wa mutumin da aikinsa shi ne ya rubuta magana yadda ta fito. Da na koma gida na gaya wa Mma da ƙannena kamfani ne ya yi mana ha'inci. Layin ƙasan nan mai batun tafinta ban karanta wa kowa ba.

Lauya ya ce saura hanya ɗaya. Zai ƙi tayin, ya nemi ɓangarorin biyu su yarda da likita ɗaya ya duba Baba ya rubuta rahoto. Abin da likitan ya rubuta shi za a bi, ko a teburin sulhu ko a kotu. Ya ce kuma doka ta sa wa irin wannan ƙara wa'adi, ba za mu yi ta jan ƙafa ba.

“Abu biyu muke so,” ya ce. “Tsoho ya buɗe baki ya faɗi wahalarshi. Dokta kuma ya rubuta hannun ba zai dawo ba har abada. In ya rubuta wannan, kes ya tsaya. In ya rubuta a jira a gani, sai mu yi ta jira har mu tsufa.”

Aka ba mu rana, wata bakwai a gaba, don likitan jijiya ne kuma ba kullum yake gari ba.

Watannin nan ban ji daɗinsu ba ko kaɗan. Ina rubutu a allo sai in tsinci kaina ina tsara tambayoyin likita. Miya ta ƙone mini sau biyu a mako ɗaya, har maigidana ya ce shi ma lauya zai nema. Waya ta yi ƙara gabana ya faɗi. In na ga tirela a titi sai in tsaya ina hararar direban da bai san hawa ba bai san sauka ba. Mafi muni, wata rana bayan sallar la'asar na ɗaga hannu ina addu'a, sai na ji abin da bakina yake roƙo: Allah ya sa likita ya rubuta ba zai dawo ba. Na sauke hannuna da sauri na yi istigfari. Hannun ubana nake roƙon a tabbatar ya mutu. Washegari na sake kama zuciyata tana son haka, don istigfarin bai hana ta ba.

Na ɗaura niyyar koya wa Baba ƙorafi. Ni da nake cusa wa yara lissafi a kai ko suna so ko ba sa so, tsoho ɗaya ne zai gagare ni? Kowace Asabar sai in tafi Sabonjida. A lokacin ya rage zaman zaure, amma in ya ji na zo yakan fito ya zauna a buzunsa, in durƙusa daga bakin ƙofa.

“Baba, a ce ni ce likita. Ya jiki?”

“Da sauƙi.”

“Baba, ba haka za ka ce ba. Cewa za ka yi babu sauƙi.”

“Subhanallahi. In yi wa Allah butulci? Ga ni zaune, ina gani, ina ji, ina taka ƙafata. Wani a wurin ake kwashe shi a tabarma.”

“To ka ce hannun yana ciwo.”

“Ai shi likita ne, ya duba ya gani.”

“Ciwo ba a ganinsa, Baba, sai an faɗa.”

Sai ya juya wajen ƙofar cikin gida ya ɗaga murya, “Ku ba Malama ruwa, ta sha rana.” An tashi darasi ke nan.

Na yi Asabar biyar ko shida a haka. A ta ƙarshe haƙurina ya ƙare, na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga masa murya. Na ce in ya je ya ce da sauƙi, to ya sani duk wahalar da na sha ta tashi a banza, kuma kada kowa ya sake kirana a kan maganar. Ya sa hannun hagu ya ɗauko na dama ya gyara masa zama a cinya, ya kalli ƙasa. Na tashi na shige cikin gida.

Mma tana tsinke ayoyo, wato ganyen lalo, a tsakar gida, ta ji komai. Ita Badagomba ce, 'yar asalin ƙasar nan, a gidan Baba ta iya Hausa, kuma ba ta ɓata ta wajen rarrashi. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

“Kai da makarantanka duka, hankali babu,” ta ce. “Gaisuwa kake yi mishi, gaisuwa yake amsa maka. Mutum ya ce maka ya jiki, me za ka ce? Ko ni da nake ɗaki ɗaya da shi, in na ce ya jiki, da sauƙi ne.”

“To yaya zan tambaye shi?”

“Ka tambaye shi yaya yake tashi da asuba, me yake yi bayan nan. Ka bi rana da shi.” Ta watsa ganyen cikin kwano. “Amma ba a gabanka zai faɗi ba. Kai ɗan fari ne.”

Na ce to ita ta gaya mini, in rubuta in kai. Ta yi mini kallon da take yi mini in na yi ɓarna ina yarinya.

“Sirrin mijina? In ba ka ka sa cikin leda?”

Na koma wajen lauya na roƙe shi a samo wani tafinta, namiji, wanda bai san mu ba. Ya ce masu jin Hausa ba a rasa su a asibiti ba, amma wa zai tabbatar wanda za a samu ranar ba zai sake cewa ya warke ba? Na kira babban ƙanena a Kumasi, ya ce zai zo. Ana saura kwana biyu ya bugo ya ce maigidansa ya hana shi. Baba da kansa ya raba gardama. Ya aiko Mma ta ce mini ba ya son bare, Malama ta fara, Malama ta ƙarasa. Ban san ko yarda ce ko horo ba.

Ranar ganin likita muka fita da sassafe a keken nan da muke kira yelo-yelo, Baba a gefe ɗaya, Mma a tsakiya, ni da jakata a ɗaya gefen. Duk babbar motar da ta wuce mu sai in ga Baba ya runtse ido. Ban taɓa lura da wannan ba sai ranar. Mun zauna a benci har rana ta take tsaka, ko ruwa na kasa sha. Da aka kira mu nas ta ce mutum ɗaya ne zai shiga da shi. Mma ta gyara masa wuyan riga ta koma ta zauna.

Likitan dattijo ne mai furfura a gemu, mutumin bakin teku, ba Hausa ba Dagbanci. Ya miƙo hannu su gaisa, Baba ya miƙa nasa yana cewa, “A gafarce ni, hagu ce.” Likita ya taimaka masa ya cire babbar riga, ya rage daga shi sai singileti. Ranar na fara ganin hannun a fili. Ya tsotse, bai fi muciya kauri ba. Likita ya ɗauki wani abu mai tsini yana tsikarar sa daga kafaɗa har yatsu, yana tambaya ko ya ji. Wannan bai ba mu wahala ba, e ne ko a'a, kuma yawanci a'a ne. Ya ce ya matse masa yatsu, ya ce ya lanƙwasa gwiwar hannu. Ya daɗe yana duba hotuna da sakamakon gwajin da aka yi makon da ya wuce.

Sannan ya zauna ya ɗauki biro, ya ce in tambaye shi yaya yake jin jikinsa kwanakin nan. Tambayar da nake tsoro ke nan tun wata bakwai. Na roƙi likita ya bar ni in yi ta ta wata hanya, don a harshenmu wannan gaisuwa ce, amsarta ɗaya ce ko mutum yana bakin kabari. Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce su ma a garinsu kusan haka ne, in yi yadda na ga ya dace.

“Baba, likita ya ce ka ba shi labarin yininka. Daga tashinka da asuba har ka kwanta, me kake yi, kuma yaya kake yin sa.”

Ya sunkuyar da kai. Fanka tana ta juyawa, wani ya wuce ta baranda yana tura keken marasa lafiya. Na ce a raina shi ke nan, mun yi asara.

“Malama,” ya ce, “juya ki kalli taga.”

Na juya kujerata na ba shi baya. Ta tagar ina ganin wata darbejiya, da wata mata mai jinya tana shanya zannuwa a kan shinge.

Ya fara a hankali, da muryar da yake faɗa wa mutum awon riga. Ya ce ba tashi yake yi da asuba ba, asuba ce take samun sa ido biyu, don hannun nan da ba ya jin tsini yana ci masa daga ciki kamar an zuba garwashi a ƙashi. Ya ce alwala da hannu ɗaya yake yi, yana karkato buta da gwiwa, kuma kullum yana shakkar ko ta cika. Ya ce in ya yi kabbara hannu ɗaya ne yake tashi. Ina ɗauka jimla-jimla ina mayarwa Turanci, biron likita yana tafiya.

Ya ce tazugen wandonsa ba ya iya ɗaurewa, matarsa ce take ɗaure masa. Wata Juma'a ya kwance masa a masallaci yana tasowa daga sujada, ya riƙe da hagu har aka sallame, ya jira kowa ya watse sannan ya tashi. Tun daga ranar a ɗaki yake sallah. Mu kuwa cewa aka yi mana ƙafarsa ce ba ta son nisa. Na fassara.

Ya ce ya fi shekara talatin suna cin kwano ɗaya da abokansa uku a zaure bayan magariba. Ya tsaya.

“Ki gaya masa,” ya ce, “hannun da nake tsarki da shi, da shi nake cin tuwo yanzu. Ba zan sa shi a kwanon mutane ba. Ƙofa nake rufewa in ci ni kaɗai, kuma ko na wanke shi sau nawa ƙyamarsa nake yi.”

Nan Turancina ya tsaya. Ba kalmomin ne suka ɓace ba, na san su sarai. Ubana ne yake magana, mutumin da ko dariya mai ƙarfi ban taɓa yi a gabansa ba. Zuciyata ta ce in sassauta, in ce cin abinci yana ba shi wahala, ya wadatar. Sai na tuna sassautawa ce ta kawo mu ɗakin nan. Na faɗa yadda ya faɗa, da tsarkin da tuwon da ƙyamar, ina kallon matar nan da zannuwanta, hawaye yana shiga bakina.

Da aka zo kan aiki ya ce kowace safiya, in matarsa ta tafi kasuwa, yakan soke allura a matashi ya zura zare da hagu. Zaren yana shiga. Ɗinkin ne ya ƙi, abin da yake fitowa ko ɗan koyo ba zai nuna wa mutane ba. Yakan warware kafin ta dawo. Ya ce taɓawar da ya gaya wa mutumin kamfani ke nan, shi bai yi wa kowa ƙarya ba.

Likita ya juya takarda ya tambaya ko akwai saura. Baba ya ce babu. Wani sanyi ya sauko mini, kuma ba zan ɓoye ba, sanyin son kai ne. Ya faɗa, an rubuta, rabin abin da lauya yake so ya samu. Har na fara tsara yadda zan kira shi in gaya masa.

Sai Baba ya yi gyaran murya.

“Ni ma ina da tambaya. Ki ce masa, tsakaninsa da Allah, kada ya ɓoye mini. Na fi shekara ana ce mini a jira. Yaushe zai dawo? Akwai rigunan mutane a wurina, na ce musu bayan Sallah.”

Ba cewa ya yi ko zai dawo ba. Yaushe ya ce. Na fassara haka.

Likita ya ajiye biro. Ya yi magana a hankali, yana kallon inda Baba yake a bayana. Ya ce jijiyoyin daga tushe suka tsinke, lokacin da ake sa rai ya wuce, kuma gwajin bai nuna alamar komai ba. Za a iya rage masa zafin da magani, amma hannun ba zai sake aiki ba. Ya ce haka zai rubuta.

Maganar da na yi wata bakwai ina jira ke nan, wadda na kama bakina yana roƙo. Ita ce daga baya ta sa kamfanin ya sauko aka sasanta ba a shiga kotu ba, kuma da abin da aka samu Mma ta buɗe ɗan shagon da suke ci a ciki har yau. Duk wannan ya zo a lokacinsa. Amma a wannan sa'ar maganar tana hannuna da Turanci, kuma ni kaɗai ce a ɗakin zan iya mayar da ita Hausa.

Hanyoyin kaucewa suna nan birjik a bakina. In ce sai a hankali, ko in ce sai addu'a, ko in ce ba abin da ya gagari Allah. Da na faɗi ɗaya likita ba zai sani ba, rahoto ba zai canza ba, Baba zai koma gida ya ci gaba da soke allura a matashi yana gaya wa masu riguna bayan Sallah. Na ji tsoro fiye da duk wanda na ji a watannin nan. Amma ya ce kada a ɓoye masa, kuma shi bai ɓoye komai ba da na nema.

“Baba,” na ce wa tagar, “ya ce ba zai dawo ba.”

“Ko nan gaba?”

“Ko nan gaba.”

Sai ya yi salati ƙasa-ƙasa, irin wanda ake yi in an kawo labarin rasuwa. Na ji ya jawo rigarsa daga kan gadon gwaji. Likita ya motsa zai taimaka, Baba ya ce masa a'a da Hausa, likita ya gane ya koma ya zauna. Na yunƙura zan tashi.

“Kada ki juyo tukuna,” ya ce.

Ban juyo ba. Na zauna ina jin yana kokawa da babbar rigar da hannu ɗaya, numfashinsa yana sarƙewa, ya tsaya, ya sake gwadawa. Matar da ke waje ta gama shanya, ta ɗauki bokitinta ta tafi. Ni ina nan ina kallon shingen har ya ce mu tafi.